Wa ke biyan kuɗin sulhu? Fashin baƙi kan salama a Littafi Mai Tsarki

Akwai wani zaman sulhu da na taɓa halarta wanda har yau yake min ciwo a rai. Mutum biyu ne, ɗaya ya ci amanar ɗaya, abu a fili ba mai musu, amma tun daga addu'ar buɗewa har ta rufewa duk ayar da aka jawo a kan wanda aka cuta aka sauke ta. Ka yafe, ka juya ɗaya kuncin, bakwai sau saba'in, ai Yesu ma ya yafe yana kan gicciye. Shi kuwa mai laifin yana zaune kansa a sunkuye, ko aya ɗaya ba a buɗe masa ba. Daga ƙarshe aka sa suka yi musabaha aka ce toh an shirya. Ina kusa da wanda aka cuta, na ga yadda hannunsa ke rawa. Ba a yi wata biyu ba ya daina zuwa sujada.

Tun daga ranar nake bin abun da masanan Littafi Mai Tsarki suka rubuta kan salama da sulhu, ina nufin waɗanda ke karanta nassin da Ibrananci da Girkanci suna tono yadda mutanen wancan zamanin suka ji kalmomin a kunnensu. Sun saɓa da juna a wurare da yawa, zan nuna wasu, amma akwai zare ɗaya da na ga ya ratsa tun daga Attaura har wasiƙun Bulus: sulhu a Littafin da farashinsa yake zuwa. Dole wani ya biya. Kuma yawancin ɓarnar da ake yi da sunan zaman lafiya daga nan take tasowa, a ɗauki kuɗin a ɗora wa wanda ba shi ya kamata ya biya ba.

Bari mu fara da kalmar kanta. Shalom ta Ibrananci 'yar'uwar salam ce ta Larabci, wadda ta ba mu salama da sallama, duk saiwarsu ɗaya, baƙaƙe uku sh-l-m, ma'anarta abu ya zama cikakke ba giɓi. Abun da mutane da yawa ba su lura ba shine daga wannan saiwar dai aka samu kalmar biyan diyya. Ka buɗe Fitowa sura 22, inda doka ta ce wanda ya saci sa ya yanka ko ya sayar zai biya shanu 5, wanda ya saci tunkiya zai biya 4, wannan "zai biya" ɗin da Ibrananci yeshallem ne. Wato ɓarawon zai mayar da shalom ɗin da ya fasa. A kunnen Ba'isra'ile na wancan lokacin salama da biya uwa ɗaya uba ɗaya suke, ba ka iya ambaton ɗaya ba ka jiyo ƙamshin ɗayar ba.

Shi ya sa Irmiya ya yi zafi haka. Sau biyu, a 6:14 da kuma 8:11, yana zargin annabawa da firistoci cewa sun yi wa raunin jama'a magani sama-sama suna cewa salama salama alhali babu salama. Ka duba ayar da ta zo kafin wannan za ka ga laifin da yake magana a kai, cin ƙazamar riba ne daga ƙarami har babba. Sun rufe gyambo da tsumma mai kyau kenan, ƙasa kuwa yana ruɓa. Ishaya 32:17 ma ya ɗaure su tare, ya ce salama amfanin da adalci ke haifarwa ce, Zabura 85:10 kuma ta zana su biyun suna sumbatar juna.

Amma labarin da ya fi buɗe min ido shine na Yakubu da Isuwa, kuma ina so in ɗan daɗe a nan. Yakubu ya yaudari mahaifinsa makaho ya karɓe albarkar yayansa, ya gudu, ya yi shekara 20 a gidan Laban. Yana kan hanyar dawowa aka ce masa ga Isuwa nan tafe da mutum 400. Me ya yi? Ya ware dabbobi ya tura gaba garke bayan garke, ka ƙirga su a Farawa 32 za ka samu 550 banda 'ya'yan raƙuma. Ya sunkuya har ƙasa sau 7, yana kiran Isuwa shugabana yana kiran kansa bawanka. Masana suka ce a koma sura 27 a ga mene ne ainihin abun da ya sata. Albarkar ta ce za ka zama shugaban 'yan'uwanka, 'ya'yan mahaifiyarka za su rusuna maka. Toh ga shi yau shi ke rusunawa, shi ke cewa shugabana, yana kwance abun da ya ƙulla ɗaya bayan ɗaya. Sai kuma a 33:11, da farko yana ta kiran dabbobin kyauta, amma a wannan ayar bakinsa ya canza kalma, ya ce ka karɓi birkati, wato albarkata. Fassarori da yawa sun bar ta a "kyauta" kawai, sai abun ya ɓace wa mai karatu. Mutumin yana mayar da kayan sata ne.

Isuwa ya sheƙo a guje ya rungume shi suka yi kuka. Kuma ga wani abu da ba a cika wa'azi a kai ba, bayan kukan Isuwa ya ce mu tafi tare, Yakubu ya kawo uzurin yara da dabbobi masu shayarwa, Isuwa ya nufi Seyir shi kuma ya nufi Sukkot. An shirya da gaske, gaba ta mutu, daga baya ma tare suka binne mahaifinsu, amma ba su koma zama inuwa ɗaya ba. Ni wannan ya min daɗi ƙwarai, domin akwai masu ɗauka in ba ka koma kamar da ba toh ba ka yafe ba. Nassin bai ce haka ba.

In muka shigo Sabon Alkawari sai mu tarar kalmar salama tana da mai ita. Daular Rum ce. Sarkinta Augustas ya yi alfaharin cewa shi ya kawo wa duniya zaman lafiya, har aka keɓe wa salamar tasa bagade a birnin Rum a shekara ta 9 kafin haihuwar Almasihu. Amma salama ce ta bakin takobi da haraji da gicciye. Tasitus, ɗan tarihin Rum ɗin kanta, ya sa wa wani shugaban mayaƙa na arewacin Birtaniya magana a baki cewa Romawa kan mayar da ƙasa kufai su kira shi zaman lafiya. Saboda haka da Bulus ya ce a 1 Tasalonikawa 5:3 mutane za su riƙa cewa "salama da tsaro" sai halaka ta auko, masana da dama suna jin muryar farfagandar daula a ciki. Kalmar salama ko danginta ta zo kusan sau 100 a Sabon Alkawari, babu littafin da ba ta ciki sai 1 Yahaya, kuma duk inda ta fito tana gogayya ne da waccan salamar ta masu mulki wadda talakan da aka ci da yaƙi ke biyan kuɗinta.

Da wannan a rai ya kamata a karanta zancen juya kunci, wanda shine ayar da aka fi dukan wanda aka zalunta da ita. Matiyu 5:39 bai ce kunci kawai ba, kuncin dama ya ce. Walter Wink, wani masani Ba'amurke, ya ce a gwada a gani, in kana fuskantar mutum kana son marinsa a kuncin dama da hannunka na dama sai dai da bayan hannu, kuma marin bayan hannu mari ne na wulaƙanci, na ubangida ga bawa. Dokokin malaman Yahudawa da aka tattara wajen shekara ta 200 sun nuna nauyinsa, tarar mari zuz (kuɗin azurfa na lokacin) 200 ce, na bayan hannu kuwa 400. In wanda aka mara ya juyo da kuncin hagu bai rama ba, bai kuma gudu ba, ya tsaya yana cewa ni mutum ne irinka. Haka zancen riga, doka a Fitowa 22:26 ta hana a kwana da mayafin talaka a matsayin jingina, toh wanda ya kai ka ƙara don taguwarka ka miƙa masa har mayafin, kunyar a kansa za ta koma. Zancen mil ɗaya kuwa, inda Yesu ya ce wanda ya tilasta maka tafiyar mil ɗaya ka yi biyu tare da shi, kalmar da aka yi amfani da ita ta tilasta wa mutum ɗaukar kaya ce, ita ce dai aka yi amfani da ita a Matiyu 27:32 da sojoji suka tilasta wa Saminu Bakurane ɗaukar gicciye.

Ba kowa ya yarda da Wink ba fa. Wasu sun ce ya cusa wa nassin dabarun zanga-zangar lumana na ƙarni na 20, kuma hujjar da ya kawo cewa akwai dokar da ke hukunta soja in ya wuce mil ɗaya ba ta da ƙarfi. Ni ma a wannan gaɓar ina ganin ya ɗan zarce. Amma ko an cire wannan, abu ɗaya ya tsaya daram, duk misalan ukun na mutum ne da ake takawa kuma Yesu ya ba shi abun yi da kansa, da zaɓinsa. Ba a rubuta ayar don mai ƙarfi ya ɗauka ya karanta wa wanda ya mara ba.

Kuma a wannan koyarwar dai, ayoyi kaɗan kafin nan, akwai wadda ta shafi mai laifi kai tsaye. 5:23 zuwa 24, in ka kawo baikonka gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da ƙara a kanka, ajiye baikon, je ka shirya da shi tukun. Bagade ɗaya ne tak, a Urushalima yake, masu sauraron kuwa mutanen Galili ne, tafiyar sama da kilomita 100 a ƙafa. Ka bar dabbarka a nan ka koma gida ka nemi wanda ka cuta, sannan ka dawo. Zakka ma da ya tuba bai tsaya a hawaye ba, ya ce rabin dukiyata ga matalauta, wanda na zalunta kuma zan mayar masa ninki 4, daidai lissafin ɓarawon tunkiya na Fitowa 22. Sai a lokacin Yesu ya ce yau ceto ya shigo gidan nan.

Da a nan maganar ta tsaya da sai mu ce ai abu mai sauƙi ne, mai laifi ya biya a wuce wurin. Amma Bulus ya zo ya juya teburin. Kalmar da yake amfani da ita ta sulhu, katallage, ba daga haikali ta fito ba. Cilliers Breytenbach, masani ɗan Afirka ta Kudu, ya nuna a 1989 cewa kalma ce ta diflomasiyya, ta birane biyu masu yaƙi da ke aika jakadu a tsagaita, shi ya sa a 2 Korantiyawa 5:20 Bulus ya kira kansa jakada. A rubuce-rubucen Yahudawa na Girkanci kafin Bulus mutane ne ke addu'a Allah ya huce ya shirya da su. Bulus kuwa cewa ya yi Allah ne ya sulhunta duniya da kansa cikin Almasihu, ba ya lissafa musu laifofinsu. Wanda aka yi wa laifin shi ya tashi ya aika jakada. Romawa 5:10 ta ƙara da cewa tun muna abokan gaba aka yi wannan.

Toh ashe akwai bashin da mai laifi ba zai taɓa iya biya ba, kuma a nan gafara ke shigowa. Addu'ar Ubangiji a Matiyu da harshen bashi take, ka yafe mana basusukanmu. A misalin sura 18 bawan nan ana binsa talanti 10,000, talanti ɗaya dinari 6,000 ne, dinari kuma ladan yini guda na lebura, wato ladan kwana miliyan 60. Sarkin ya yafe. Amma kuɗin ba su ɓace a iska ba, sarkin ne ya ɗauki asarar. Duk wanda ya taɓa yafe babban abu ya san wannan a jikinsa, yafiya biya ce ita ma, kai ne ka haɗiye abun da ya kamata wani ya haɗiye. Shi ya sa take da daraja, shi ya sa kuma ba a ƙwatar ta. Abun da aka ƙwace daga hannun mutum a gaban jama'a da matsin lamba sunansa fashi na biyu.

Nan ne masana suka fi kai ruwa rana, shin gafara sai an tuba? Luka 17:3 ya ce in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe. Markus 11:25 kuwa bai sa sharaɗi ba, in ka tsaya addu'a ka yafe kawai. Addu'ar Yesu a kan gicciye, Luka 23:34, wasu tsofaffin kwafe-kwafe masu nauyi ba su da ita, ana ta muhawara ko ƙara ta aka yi ko kuwa wasu masu kwafa ne suka ji ta yi musu nauyi suka cire. Ka lura kuma Uba yake roƙo ya gafarta musu. Miroslav Volf, ɗan Kuroshiya da ya yi rubutu a 1996 ƙasarsa na fitowa daga yaƙi, ya kawo rabe-raben da ya taimake ni. Ya ce niyyar rungumar maƙiyi ba ta jiran komai, amma rungumar kanta ba ta cika sai an faɗi gaskiya an yi adalci. Ka buɗe hannu, ka jira. Ba ka da ikon jawo shi da ƙarfi, shi ma ba shi da ikon faɗowa ƙirjinka da wuƙar a hannunsa.

Wannan ba zancen aji ba ne kawai. A 1985, lokacin mulkin wariyar launin fata, masana tauhidi da shugabannin coci sama da 150 a Afirka ta Kudu suka sa hannu a takardar Kairos, suka soki ikkilisiyoyin da ke kiran sulhu tsakanin mai danniya da wanda ake danne wa ba tare da tuba ba, suka jawo wannan ayar ta Irmiya. Da Hukumar Gaskiya da Sulhu ta fara zama a 1996 ƙarƙashin Desmond Tutu, ɗaya daga cikin sharuɗɗan afuwa shine ka faɗi duk abun da ka yi, sama da mutum 7,000 suka nema, 849 suka samu. Gaskiya ta fito da yawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma wajen diyya sai hannu ya yi nauyi, hukumar ta ba da shawarar a riƙa biyan waɗanda aka cuta har shekara 6, gwamnati kuwa a 2003 ta ba da rand 30,000 sau ɗaya. Da yawansu sun ji cewa su aka bar wa kuɗin sulhun.

Zancen yaƙi da hukuma ba zan daɗe a kai ba, dogo ne. Romawa 12 ta hana ramuwa ta ce a ciyar da maƙiyi, sura 13 ta ce hukuma ba a banza take riƙe da takobi ba. Bulus bai raba su ba, rabon surori sai a ƙarni na 13 aka yi shi, a wasiƙar tasa numfashi ɗaya ne. Masani Richard Hays ya karanta Sabon Alkawari ya ce babu inda ya ba almajiri izinin kisa. Wani masanin, Nigel Biggar, ya amsa cewa ƙaunar maƙwabci kan wajabta kare shi da ƙarfi, kuma Yahaya Mai Baftisma bai ce wa sojoji su ajiye aiki ba, bin sawun Agustin da Toma Akwinas kenan. Ni na fi karkata ga Hays a kan nassin, amma tambayar Biggar ba ta bar ni na yi barci ba, domin in na ƙi kare marar ƙarfi don hannuna ya zauna da tsabta toh shi na bar wa biyan.

Ƙaramar wasiƙar Bulus ga Filimon, aya 25 kacal, a nan ake ganin abun yana aiki tsakanin mutane uku masu suna. Unisimas bawa ne, ya rabu da ubangidansa Filimon, ga alama akwai asara a tsakani. Bulus yana kurkuku, ya mayar da shi da takarda a hannu, kuma takardar ba ga Filimon kaɗai aka rubuta ba, har da ikkilisiyar da ke taruwa a gidansa, wato a gaban kowa za a karanta shi kuma Unisimas yana tsaye a wurin. Bulus bai ce a manta ba. Bai kuma ce wa bawan ya je ya nemo kuɗin da ba shi da su ba. Nauyin canji a kan mai ƙarfi ya ɗora shi, ka karɓe shi ba a matsayin bawa ba, a matsayin ɗan'uwa ƙaunatacce, ka karɓe shi kamar ni kake karɓa. Gaskiya ne bai fito ƙarara ya ce a 'yanta shi ba, kuma masu bayi a Amurka sun fake da wannan wasiƙar suna kare mayar da bayin da suka gudu, tabo ne da ba za a share ba, har yau masana na jayayya kan me yake nufi da ya ce na san za ka yi fiye da abun da na faɗa.

Sai a aya 18 da 19 ya ce in ya cuce ka ko kana binsa wani abu, sa a kaina. Ni Bulus na rubuta da hannuna, zan biya. Kalmar "zan biya" ɗin, apotiso, kalmar takardar bashi ce, kuma ita ce dai masu fassara Attaura zuwa Girkanci suka zaɓa don yeshallem ɗin nan na Fitowa 22. Fursuna ne ya sa hannu a bashin da ba shi ya ci ba. Bayan ayoyi biyu kuma ya ce wa Filimon ya shirya masa masauki, yana sa zuciya zai zo.